Darasi na 9: Saita Agogon Kwamfuta da Tauraron Ɗan'adam

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran kowane ɗalibi zai iya:

1. faɗin abin da ke sa agogon kwamfuta gudu ko ja da baya, da ɓarnar da hakan ke jawowa;
2. bambance lokacin rana, lokacin Nijeriya da lokacin duniya;
3. bayyana yadda na'urar GPS ke samo lokaci daga sama;
4. faɗin kayan da ake haɗawa don kwamfuta ta riƙa bin wannan lokaci, da kuma wuraren da ke buƙatar hakan.

Mu daidaita a kan kalma ɗaya tun farko. Idan aka ce daƙiƙa, wasu sakan suke nufi, wasu kuma minti. A nan za mu riƙa cewa sakan da minti, don kada lissafi ya rikice mana.

1. Agogon kwamfuta ma yana kuskure

Mutane da yawa sun ɗauka duk abin da kwamfuta ta nuna gaskiya ne. A kan lokaci dai ba haka ba ne. Cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan dutse da ake kira kwaz, girmansa kamar ƙwayar shinkafa, wanda ke karkarwa idan lantarki ya ratsa shi. An yanka shi ne don ya karkaɗa sau 32,768 a sakan ɗaya. Kwamfuta tana ƙirgawa, idan adadin ya cika sai ta ce sakan ɗaya ya wuce. Irinsa ne ke cikin agogon hannu mai batir da agogon bango.

To amma babu dutsen da ake yankawa daidai ɗari bisa ɗari. Ga kuma zafi. Irin wannan dutse ya fi yin aiki daidai a zafin digiri 25, idan zafi ya haura haka ko sanyi ya sauka ƙasa, sai ya rage sauri. Ku tuna yadda Minna ke zama a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, sannan ku ƙara da zafin cikin akwatin kwamfuta a shagon da rufinsa kwano ne.

> AKWATIN KALMOMI
> Kwaz: ɗan dutsen da karkarwarsa ke ƙirga lokaci a agogo mai batir.
> Zamewar agogo: gudu ko ja da baya da agogo ke yi kaɗan-kaɗan kowace rana.
> Milisakan: kashi ɗaya cikin dubu na sakan.
> Maikrosakan: kashi ɗaya cikin miliyan na sakan.

*Misali na 1.* Mu ɗauka wata mai shagon kwamfuta ce a unguwar Tunga ta Minna, dutsen kwamfutarta na kuskuren 20 cikin kowane miliyan. Wannan ba baƙon abu ba ne. Yini da kwana suna da sakan 86,400. Sai mu ce 86,400 sau 20, a raba da 1,000,000, ya ba mu sakan 1.7 a rana. A wata ɗaya kusan sakan 52 ke nan. A shekara kuwa minti 10 da rabi. Da kaɗan-kaɗan kududdufi ke cika.

Wani zai ce, minti goma me zai ɓata? Bari mu duba. Lambar sirri da wasu manhajojin tsaro ke bayarwa tana canzawa duk bayan sakan 30, kuma daga agogo ake lissafa ta. Idan agogonka ya zame da minti biyu, lambar da kake gani ta riga ta mutu ko ba a haife ta ba tukuna, za ka yi ta shigarwa ana ƙin karɓa. Ko a samu gardamar kuɗi a shagon mai POS: rasit ya nuna ƙarfe 4:19, kyamarar tsaro kuma ta nuna mutumin ya fita tun 4:10. Wanne za a yarda da shi a gaban hukuma? Mai gaskiya na iya shiga uku saboda agogo biyu da ba su yi magana da juna ba. Haka rajistar magani a asibiti, haka lokacin rufe jarrabawa.

Akwai kuma babbar zamewa. Idan kwamfuta na kashe, wani ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, shi ke riƙe da agogon. Ranar da ya mutu, da an ɗauke wuta kwamfuta za ta farka ta koma shekarun baya. Na taɓa raka wani yaro wani shago don yin rajistar jarrabawa, muka shafe fiye da awa ɗaya shafi ya ƙi buɗewa, kowa na ɗora laifin a kan sabis. Ashe kwanan watan kwamfutar ne ya koma baya da shekaru, ita kuma ta ga takardar shaidar shafin kamar ba ta fara aiki ba, sai ta ƙi shi. Na ga damuwar da ke fuskar yaron a ranar, shi ya sa nake ɗaukar wannan darasi da muhimmanci.

2. Wane lokaci ne na gaskiya?

Mutanen Minna da yawa ba su san cewa awon ƙasar Nijeriya daga garinsu ya samo tushe ba. Masu safiyo na zamanin Turawa sun zaɓi wata alama a Minna, mai lamba L40, suka mai da ita mafarin duk ma'aunin taswirar ƙasa. Shi ya sa tsofaffin taswirori da takardun filaye ke ɗauke da sunan Minna Datum, kuma har gobe ɗaliban safiyo na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna suna karanta shi. Alamar tana wajen digiri 9 da rabi arewa da tsakiyar duniya, da digiri 6 da rabi gabas da layin Girinwic na Ingila.

Me ya haɗa wannan da agogo? Wuri da lokaci Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Duniya na juyawa digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a awa ɗaya, ko digiri ɗaya a minti 4. Saboda haka kowane gari yana da nasa tsakar rana. Shi ya sa a watan azumi mutanen Maiduguri ke shan ruwa alhali a Minna rana ba ta faɗi ba.

A da, kowane gari inuwarsa yake bi, kuma hakan ya wadatar. Jirgin ƙasa ne ya kawo buƙatar agogo ɗaya. Minna kanta dogo ne ya raya ta, tun layin Baro zuwa Kano da aka kammala a 1911. Jirage biyu a kan layi ɗaya ba za su bi inuwa biyu ba. Tun 1919 Nijeriya ke bin lokaci guda, awa ɗaya gaba da na Girinwic.

> AKWATIN KALMOMI
> Lokacin rana: wanda ake ganewa da tsayuwar rana da inuwa a gari.
> UTC: lokacin da duk duniya ta amince da shi a matsayin ma'auni.
> Lokacin Nijeriya: UTC a ƙara awa ɗaya.

*Misali na 2.* Minna na digiri 6.5 gabas. 6.5 sau 4 ya ba mu minti 26. Wato ranar Minna ta riga ta Girinwic da minti 26, amma agogonmu ya riga nasu da minti 60. Bambanci minti 34. Ke nan rana ba ta tsayawa tsaka a Minna sai wajen 12:34. Takan yi wuri zuwa wajen 12:18 a farkon Nuwamba, ta yi jinkiri zuwa wajen 12:48 a tsakiyar Fabrairu. Duk mai lura da shigar Azahar ya san wannan ko bai taɓa lissafawa ba.

Kwamfuta ba ta bin rana. UTC take buƙata, sai ta ƙara awa ɗaya ta nuna mana.

3. Agogon da ke sama

Tunda juyawar duniya kanta takan ɗan yi sauri ko nawa, masana suka nemi ma'aunin da ba ya canzawa. A 1967 aka amince cewa sakan ɗaya shi ne kaɗawa 9,192,631,770 na wani haske da ke da alaƙa da ƙwayar zarrar sinadarin siziyom. Agogon da ke ƙirga wannan shi ake kira agogon zarra. Mai kyau daga cikinsu sai ya yi miliyoyin shekaru bai ɓatar da sakan ɗaya ba. Tsadarsa ta fi ƙarfin shago ko makaranta.

Abin farin ciki shi ne ana yawo da irinsa a saman kanmu dare da rana, cikin taurarin ɗan'adam na GPS. Tsarin GPS mallakar Amurka ne. An harba tauraronsa na farko a 1978, aka bayyana cikar aikinsa a 1995 da taurari 24, yanzu kuma masu aiki sun kai wajen 30. Suna nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne na zagaya duniya sau biyu a rana, kuma kowanne na ɗauke da agogon zarra. Rasha na da nata mai suna GLONASS, Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou. Yawancin na'urorin yanzu suna sauraron biyu ko uku a lokaci guda.

Abu biyu kowane tauraro ke ta nanatawa ba hutawa: ga inda nake, ga kuma lokacin da na faɗi haka. Na'urar da ke ƙasa saurare kawai take yi. Ba ta aika komai sama, ba ta cin data, ba a biyan kuɗin wata, kuma tauraron bai san wa ke sauraronsa ba.

4. Walƙiya da tsawa

Da damina kukan ga walƙiya ta haska ta wajen Bosso ko Chanchaga, sai bayan ɗan lokaci ku ji tsawa. Sauti na tafiyar kilomita ɗaya cikin kimanin sakan 3, don haka idan kun ƙirga sakan 6, hadarin na nisan kilomita 2. Kun auna nisa da lokaci ke nan. Abin da na'urar GPS ke yi ke nan, sai dai saƙon tauraro da saurin haske yake tafiya, kusan kilomita 300,000 a sakan.

*Misali na 3.* Tauraro na tsaye a saman Kasuwar Kure ta Minna. 20,200 a raba da 300,000 ya ba mu sakan 0.067, wato milisakan 67 saƙon ke yi a hanya. Yanzu a ce agogon na'urar ya yi kuskuren milisakan ɗaya kacal. Haske na cin kilomita 300 a wannan ɗan lokaci, kusan tafiya Abuja da dawowa. Ko kuskuren maikrosakan ɗaya ma mita 300 ne, ya isa ya kai filin wani cikin na maƙwabcin maƙwabcinsa.

A nan ne gishirin darasin yake, ku ba ni hankalinku. Agogon cikin na'urar GPS kwaz ne mai araha, irin wanda muka ce yana zamewa. Ta yaya za ta auna da shi? Abubuwa huɗu ne ba ta sani ba: gabas ko yamma, kudu ko arewa, tsawo daga ƙasa, da kuma kuskuren agogonta. Don haka take neman taurari huɗu aƙalla. Idan agogonta ba daidai yake ba, awon huɗun ba zai haɗu a wuri ɗaya ba. Sai ta yi ta matsar da agogon gaba ko baya har awon ya haɗu. Da ya haɗu, ta san inda take, kuma agogonta ya zama ɗaya da na taurari. Wato ba za ta iya gaya maka inda kake ba sai ta fara sanin ko ƙarfe nawa. Mai safiyo wuri yake so, mu kuwa lokacin muke so, kuma tare suke zuwa.

Tsananin kulawar har ta kai ga abin da Albert Einstein ya gano: agogon da ke can sama yana riga na ƙasa da kimanin maikrosakan 38 a rana. Da ba a gyara wannan tun a ƙira ba, da kuskuren wuri ya haura kilomita 10 kowace rana.

5. Daga eriya zuwa kwamfuta

Masu sauraron rediyo sun san yadda ake ba da lokaci a BBC: a ji ƙara tit, tit, tit, ta ƙarshe mai tsawo ita ce cikar awa. Mai gabatarwa shi ke faɗin ko ƙarfe nawa, ƙarar kuma ita ke nuna ainihin lokacin. Kowanne shi kaɗai bai isa ba.

Haka na'urar GPS ke ba kwamfuta abu biyu. Na farko rubutaccen saƙo ne da ake kira NMEA, mai ɗauke da kwanan wata, awa, minti da sakan. Yakan iso a makare da ɗan abin da bai kai sakan ba, kuma jinkirin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na biyu bugun lantarki ne sau ɗaya a farkon kowane sakan, ana kiransa PPS. Da saƙon kaɗai, kamar a ƙananan na'urorin da ake soka wa ta USB, za a samu daidaito na wani yanki na sakan. Idan aka haɗa da bugun, kuskure kan sauko zuwa 'yan maikrosakan.

Daga nan sai rabawa. David Mills na Jami'ar Delaware ta Amurka, wanda ya rasu a 2024, shi ya tsara hanyar da kwamfutoci ke tambayar juna lokaci, NTP, tun 1985. Tsarin ya yi kama da labarin ganin wata. Akwai wanda ya gani da idonsa, akwai wanda ya ji daga bakinsa, akwai wanda ya ji daga wanda ya ji. Kwamfutar da ke haɗe kai tsaye da na'urar GPS ita ce mataki na 1. Wadda ta karɓa daga gare ta mataki na 2, haka har ƙasa. Duk yadda silsilar ta gajarta, haka amincin ke ƙaruwa. Gani ya kori ji.

> AKWATIN KALMOMI
> Eriya: kunnen na'ura, mai kama saƙon taurari.
> NMEA: rubutaccen saƙo mai faɗin ko ƙarfe nawa.
> PPS: bugu ɗaya a farkon kowane sakan.
> NTP: ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen raba lokaci.
> Uwar garken lokaci: kwamfutar da sauran ke tambaya lokaci.

*Misali na 4.* Saƙon na'ura ya nuna 233000 a ranar 4 ga Maris. Ma'anarsa awa 23, minti 30, sakan 00 a UTC. A ƙara awa ɗaya, ya zama 12:30 na dare a Minna, kuma kwanan wata ya koma 5 ga Maris. Nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe: su gyara awa su manta da kwana.

6. Haɗawa da kiyayewa

Kayan ba su da yawa: na'urar GPS mai fitar da PPS, kamar ƙirar u-blox, eriya da wayarta, ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, da manhajoji biyu na kyauta, gpsd mai sauraron na'urar da chrony mai saita agogo. Ƙaramar kwamfutar ba ta cin wuta sosai, ɗan batir da sola sun riƙe ta, kuma ya kamata a yi mata hakan, don uwar garken da ke mutuwa duk sanda aka ɗauke wuta ba ta da amfani.

Eriya sama take so ta gani. Kwano da dakalin siminti suna tare saƙon, hadari da hazon hunturu kuwa ba sa hana shi. A ɗora ta a kan rufi nesa da inuwar tankin ruwa da manyan bishiyoyi, a kuma sa mata kariyar tsawa. Ranar farko a yi haƙuri: cikakken saƙon tauraro minti 12 da rabi yake ɗauka kafin ya zagayo.

Dalilin haƙurin shi ne, lokacin GPS ya fara ƙirga ne daga 6 ga Janairu 1980 kuma ba a taɓa tsayar da shi ba, alhali UTC akan ƙara masa sakan ɗaya jefi-jefi don ya jira juyawar duniya. An yi ƙari na baya-bayan nan a daren 31 ga Disamba 2016, tazarar ta zama sakan 18. Cikin wancan dogon saƙo ne na'ura ke samun adadin da za ta cire.

A yi hattara da kayan gwanjo. Tsohon tsarin GPS yana ƙirga mako ne zuwa 1,024 sai ya koma sifiri. Hakan ya faru a Agustan 1999, ya sake faruwa a 6 ga Afrilu 2019. Wasu tsofaffin na'urori sukan ba da awa da minti daidai, amma shekara ta koma baya da kusan 20. Kafin ku biya kuɗi, ku duba kwanan watan da take nunawa.

Sannan kada a dogara da shaida ɗaya. A yankinmu na kusa da tsakiyar duniya, saƙon taurari kan yi rawa a wasu darare bayan faɗuwar rana, kuma akwai masu toshe shi ko kwaikwayonsa da gangan. Idan akwai intanet, a ba chrony wasu majiyoyi kamar pool.ntp.org don ta riƙa gwadawa. Ita ma tana koyon halin zamewar dutsen kwamfutar, ta ci gaba da gyara shi na ɗan lokaci ko da sama ta yi shiru.

7. Wa ke buƙatar wannan?

A ganina, ba kowa ba. Mai kwamfuta ɗaya da intanet, abin da ke gabansa shi ne ya kunna saitin lokaci na kai tsaye, ya tabbatar an zaɓi yankin Afirka ta Yamma mai UTC da ƙarin awa ɗaya, ya canza ɗan batirin nan idan ya mutu. Wannan ya ishe shi, kada wani ya sa shi kashe kuɗi a banza.

Masu buƙata su ne wuraren da kwamfutoci ke da yawa ko sabis ke yankewa: cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, wadda sau da yawa akan raba ta da intanet da gangan, asibitin karkara, gidan rediyo, ofishin da ke da kyamarori da rajista masu yawa. Minna gari ne na jarrabawa, nan hedikwatar NECO take tun kafa ta a 1999, kuma jiharmu ce ke da madatsun Kainji, Shiroro da Zungeru. Kamfanonin lantarki da na waya a duniya sun daɗe suna dogara da lokacin GPS, don idan layi ya faɗi, da milisakan ake gane inda matsala ta fara. Cibiya mai kwamfuta 250 na'ura ɗaya tak take buƙata. Duka 250 ɗin su tambayi uwar garke ta wayar cikin gida, duk su tashi tare su rufe tare, ba yaron da za a ci wa minti ɗaya.

Tambayoyin bita

1. Faɗi abubuwa biyu da ke sa agogon kwaz zamewa.
2. Agogo na gudu da sakan 2 a rana. Minti nawa zai zame cikin kwana 90?
3. Wani gari na digiri 13 gabas da Girinwic. Da minti nawa ranarsa ta riga ta Minna?
4. Me ya sa na'urar GPS ke neman taurari huɗu, ba uku ba?
5. Da kalmominka, bayyana bambancin NMEA da PPS ta amfani da misalin rediyo.
6. Na'ura ta nuna 231500 a ranar 31 ga Disamba. Ƙarfe nawa ne a Minna, kuma ran nawa ga wata?
7. Kwamfutarka na karɓar lokaci daga wadda ke haɗe da na'urar GPS. A mataki na nawa take?
8. Me za ka duba kafin sayen tsohuwar na'urar GPS?
9. Aikin gida: rubuta lokacin da wayarka, agogon bangon gidanku da wata kwamfuta ke nunawa yau a lokaci guda. Sake dubawa bayan mako ɗaya, ka kawo mana bambancin a aji.